Dalilin da Ya Sa Idanun Hawainiya Ba Sa Kallon Wuri Ɗaya

Don girman Allah ku matso, kuma ku rage murya. Duk wanda ya ji labarin nan a bakinku ya ce wa ya ba ku, ku ce kun manta. Kada ku kama sunana, ko da wasa. Bikin Yaya ya matso, gidan nan cike yake da kunnuwa, in aka ji ni ina zancen ango da amarya cewa za a yi idona ya buɗe. Ni dai labarin hawainiya zan ba ku, ba da kowa nake ba.

To. Dalilin da ya sa idanun hawainiya ba sa kallon wuri ɗaya, wannan na gabas wancan na yamma, aure ne ya jawo. Da can idanunta tare suke tafiya kamar na kowa.

Hawainiya marainiya ce. Mata biyu ne suka raine ta: Gwaggo Yalwa, yayar babanta, wadda ta ci da ita ta tufatar da ita, da Inna Tasalla, ƙanwar mamanta, wadda ta goya ta. Su biyun nan ko a kan gishirin miya ba sa shiri. Da ta girma sai Ƙadangare ya fara zuwa zance. A lokacin kansa ruwan toka ne kamar sauran jikinsa. Tana son shi, yana son ta, manya suka shiga magana, aka sa rana.

Ranar kamu, da aka sa mata lalle aka lulluɓe ta, sai Gwaggo ta zauna a gabanta ta ce, "'Yar nan, buɗe kunnenki. Daga yau har a shafa fatiha, idonki ba zai sauka a kan yaron nan ba. A gidanmu ba a yi. Amaryar da ta ga ango kafin a ɗaura, albarka gudu take daga ɗakinta. In kika gan shi, na rantse na cire hannuna. Ba ni kai ki, ba ni taka ɗakinki."

Inna Tasalla tana gefe tana tankaɗe, ta ce, "Yaya Yalwa, yaron da kullum yake zaune a ƙofar gidan nan har tabarma ta san shi?"

"Wancan saurayi ta gani. Wannan ango ne."

"Ba mutum ɗaya ba ne?"

"Ba ɗaya ba ne."

"To yaushe ya canza?"

"Tasalla, ki ji da garinki."

Hawainiya tana cikin lulluɓi tana ta juya maganar. In mutum ɗaya ne, ai ta riga ta gan shi, albarkar ta daɗe da guduwa. In mutum biyu ne, to wanne za a ɗaura mata? Ta rasa wa za ta tambaya.

Washegari da hantsi aka tarar da tukunyar lalle a kife a bayan ɗakin amarya, lalle ya malale har gindin zana. Gwaggo ta yi ta faɗa, ta zagi akuya, ta zagi kaji, ba a san wanda ya yi ba. Kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin Ƙadangare a gari, ko abokansa ba su gan shi ba.

Ana gobe ɗaurin aure, Inna ta dawo daga rijiya ta shigo ɗaki ta saki labule. Ta ce, "Na ga mutuminki."

Hawainiya ta ce, "Lafiya yake, Inna?"

"Lafiya lau, sai dai ya naɗe kai da tsumma kamar mai ciwon haƙori. Shi ne ya kifar da tukunyar. Wai ya kasa haƙuri, ya hau zana zai leƙo ki, ƙafa ta zame, ya faɗa ciki da ka. Ya wanke da toka, ya wanke da sabulun salo, abu ya ƙi fita."

"To ai ba komai. Ki ce masa ba komai."

"Na gaya masa. Ya ce ji ba gani ba ne. Ya ce ba zai bari a ɗaura miki shi ba sai kin ga abin da za a ɗaura miki, don ba a sayen kifi a ruwa. Bayan la'asar zai tsaya a bayan zana, wajen hujin nan. In rana ta faɗi ba ki dube shi ba, zai ɗauka ba kya so, ya bar garin."

"Gwaggo fa?"

"Gwaggonki ba ita za ta zauna da shi ba."

"Amma ta rantse, Inna."

"Shi ma ya rantse."

Inna ta fita ta bar ta. Hawainiya ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. In ta duba, ta rasa matar da ta ci da ita tun tana rarrafe. In ba ta duba ba, ta rasa Ƙadangare. Ta ce bari ta duba kaɗan. To kaɗan ɗin gani ne ko ba gani ba ne? Ta ce bari ta rufe ido ta juya fuska wajensa. To shi kuma zai yarda an gan shi? Har aka kira la'asar ba ta san abin da za ta yi ba. Ƙafafunta ne kawai suka kai ta tsakar gida, ta zauna kusa da zana, wai tana shan iska.

Gwaggo kuwa ba a yi mata wayo. Tana ganin haka ta jawo tabarma ta zauna a hagunta. Ta ce, "Yawwa, dama ina son yi miki nasiha. Ɗaga mayafin nan ki dube ni. Ba na son ina magana ana kallon wani wuri."

Hawainiya ta dube ta. Gwaggo ta fara: a yi haƙuri, a riƙe sirrin miji, kada a kwana da fushi. Can sai aka ji ƙaras-ƙaras a bayan zana, ta hannun dama. Ya iso.

Gwaggo ba ta ko numfasa ba. Rana tana ta yin ƙasa, inuwar zana ta kai ƙafar Hawainiya, ta wuce gwiwa. Sai Gwaggo ta shiga maganar baban Hawainiya. Ta ce, "Da zai cika, hannuna ya riƙe ya ce, Yaya, ga amana. Ni ban haifa ba. Ke kaɗai gare ni."

Ta yaya mutum zai kau da ido a irin wannan magana? A bayan zana kuma aka yi ɗan tari, irin na mai shirin tafiya.

Hawainiya ba ta yanke shawarar komai ba, ku gane. Zuciyarta ce ta ja hagu ta ja dama lokaci ɗaya, da ƙarfi, sai ta ji wani abu ya yi ƙas a tsakiyar goshinta. Idon hagu ya tsaya a kan Gwaggo. Na dama ya zame shi kaɗai, ya tafi wajen huji.

Sai ga Ƙadangare ya kwance tsumma. Kai jajir kamar gauta, ga shi ya yi tsuru-tsuru yana jiran hukunci. Idon hagu yana zubar da hawaye saboda maganar Gwaggo, idon dama yana dariya. Ta ƙifta masa shi. Shi kuwa don murna ya hau gyaɗa kai, ya gyaɗa, ya gyaɗa. An ce gyaɗa kan da yake yi ma daga nan ne, amma wannan ban tabbata ba.

Gwaggo ta tsaya cak. Ta ce, "Ke, ina ɗaya idon?"

Hawainiya ta yi ta jawo shi, ya ƙi dawowa. Gwaggo ta bi inda ya nufa, ta hango bakin wutsiya yana shigewa ciyawa.

"Kin gan shi?"

"Wallahi Gwaggo ban sani ba. Ni dai ban daina kallonki ba."

"Ta gan shi," in ji Inna daga bakin murhu, "kuma sama ba ta faɗo ba."

"Ba ta gan shi ba, ina zaune ido cikin ido da ita," in ji Gwaggo. Sai kuma ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta ce, "A'a, ta gan shi." Inna ta ce to in rantsuwa ce matsalar, ba ta gan shi ba. Kowace ta koma faɗin maganar ɗayar, har suka manta wa ke cewa me.

Aka tafi gaban tsoho Kunkuru, shi ne waliyyin amarya. Ya saurara, ya shigar da kai cikin ƙoƙonsa ya daɗe, har aka zaci barci ya yi. Da ya fito ya ce, "Yalwa, ni tun da nake ban taɓa jin rabin gani ba. Amma tunda rabi ta gani, rabin rantsuwarki ne ya kama ki. Abu biyu kika rantse a kai. Zaɓi ɗaya."

Gwaggo ta ce, "Zan kai ta."

Aka ɗaura aure. Gwaggo da kanta ta riƙe hannun amarya har bakin ƙofar ɗaki, ta yi mata addu'a, ta tsaya a nan. Ba ta shiga ba. Bayan biki ma takan zo da daddawa da kuka, ta tsaya a dokin ƙofa, su gaisa, ta miƙa, ta juya. Hawainiya ta ce, "Gwaggo, ko ƙafa ɗaya." Ta ce, "Rantsuwa rantsuwa ce, 'yar nan."

Zaman Hawainiya da Ƙadangare lafiya lau, albarka ba ta gudu ba. Amma idanun ba su ƙara haɗuwa ba. Shi ya sa har yau in kun ga hawainiya a kan reshe, ido ɗaya yana kan abin da ke gabanta, ɗayan kuwa yana can baya yana duba hanya, ko yau Gwaggo za ta shigo.

Kada ku tambaye ni wa ya fi gaskiya. Jiya na kwana ina ganin Inna ce, yau na tashi ina ganin Gwaggo ce. Ita ma Yaya da ta tambaye ni ɗazu ko ta fita in angonta ya zo, ce mata na yi...

Tsaya. Takun wa nake ji? Wannan jan silifas ɗin na sani. Ku ɗauki tsintsiya, ku yi kamar kuna shara.