Telan Da Ya Cire Kwantirolar Sola

Akwai wani tela a bakin kasuwa, hannunsa da kyau, ɗinkinsa ba a kushe shi. Matsalarsa ɗaya: duk abin da ya gani a waya gaskiya ne, wanda ya musa kuwa jahili.

Yayansa mai gyaran wuta ne, shi ya haɗa masa sola a shago. Faifai biyu a kan rufi, batir a ƙarƙashin teburin yanka, sai ɗan akwatin kwantirola mai hana batir shan wuta fiye da kima. Wata rana tela ya ga bidiyon wani mai tabarau yana rantsuwa wai kwantirola satar wuta kawai take yi, a haɗa faifai da batir kai tsaye. Ko tambaya bai yi ba, ya datse wayoyin ya haɗa da kansa.

Bayan kwana uku Yaya ya leƙo, ya ji shagon na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya taɓa batir, zafi kamar dutsen guga. Ya ce a cire yanzu-yanzu.

"Yaya, zamani ya wuce ka. Mutum dubu ɗari sun yaba bidiyon nan, kai kaɗai ne mai ilimi?"

"Su ba a shagonka suke zama ba, ƙanena. Kai ne kullum a kan abin nan."

Yaya ya sunkuya zai zare wayar. Tela ya fizgo shi ta wuyan riga, ya maka shi da ƙofar ƙarfe har leɓensa ya fashe. Yaya ya tofar da jini, ya fita.

Da rana ta take, keken ɗinki ya fara tsaitsayawa. Tela ya durƙusa da filaya zai ƙara ɗaure kan batir. Ƙarfen ya haɗa kawunan biyu, tartsatsi ya tashi, batir ya tarwatse. Ɓaraguzai suka yaga masa kumatu, ruwan batir ya wanke masa fuska. Yana birgima cikin yadukan mutane yana ihu, maƙwabta na sheƙa masa ruwa, fatar na saluɓewa.

A asibiti likita ta ce idon hagu ya tafi, na dama haske kawai zai riƙa gani. Matarsa ce ta bi gida-gida tana mayar wa mutane yadukansu ba a ɗinka ba.

Don Allah mu kula. Yawan masu yaba bidiyo ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Kafin ka taɓa kayan wuta, tambayi wanda aikinsa ke nan, kuma in ya ce bari, ka bari.