Harafin da Aka Rufe Tun Ba a Shiga Ba

Akwai wani mutum mai rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Hannunsa akwai sauri, zuciyarsa kuma ta fi hannun gaggawa. Ko addu'ar cin abinci aka ɗan ja, za ka ji ya ce amin tun ba a kai rabi ba.

Ɗansa Barnaba ya tafi karatu ƙasar Sin, ya komo da mata, sunanta Shulan. Mutumin nan kuwa ya riƙe kunyar surukai yadda ya gada. Ba ya kiran sunanta, ba ya zama inda take, in ta fito tsakar gida sai ya sulale waje. A wurinsa girmamawa ce. Ita kuwa ba wanda ya bayyana mata, sai ta ɗauka ƙiyayya ce.

Da ta haifi 'ya mace, Barnaba ya zo ya ce, "Baba, ta ce bayan suna za ta koma ƙasarsu da jaririyar. Wai ba ka ƙaunar ganinta."

Hankalin mutumin ya tashi ƙwarai. Ya shiga, ya fita, ya zauna, ya miƙe. Can ya ce, "Rubuto mini sunan da ta zaɓa wa yarinyar da rubutunsu. Zan zana shi a babban allo, ta gani da idonta."

"Baba, rubutun nan da ƙa'idarsa. Akwai layin da ake fara ja, akwai na ƙarshe. Bari ta nuna maka."

"Ni za a koya wa riƙon buroshi? Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki. Kawo!"

Barnaba ya rubuto masa. Sunan harafi ɗaya ne, kamar ɗaki yake mai bango huɗu, da ƙananan layuka a cikinsa. Mutumin ya zagaye bangon nan huɗu a ja ɗaya, sa'an nan ya shiga cusa na cikin. Suka ƙi shiga, fenti ya caɓe. Ya goge, ya faro daga ƙasa, ɗakin ya karkace. Ya faro daga dama, ya fi na dā muni. Abinci ya huce a gefensa, wandonsa duk fenti, ranar suna kuwa sai matsowa take yi. Ya zargi buroshi, ya zargi fenti, har katakon ma bai tsira ba.

Yana cikin haka sai ya ji motsi a bayansa. Shulan ce, da jaririya a kafaɗa, tana kallon sunan 'yarta a dagule. Ƙafafunsa suka ce masa ya gudu kamar kullum, amma tsoron rasa su ya fi kunyar nauyi. Ya miƙa mata buroshin, ya ce, "'Yata, na kāsa."

Ta durƙusa kusa da shi. Ta ja bangon hagu daga sama zuwa ƙasa. Ta ja na sama, ta karya shi ya sauko dama. Ta bar ƙasan a buɗe, ta jera na cikin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sami wurinsa. Sa'an nan ta ja layin ƙarshe. Da 'yar Hausarta ta ce, "Baba, a shiga tukuna. Sannan a rufe."

Ta miƙa masa buroshin, ya bi sawunta a hankali. Da ya gama, ta ɗora masa jaririyar a cinya. Ba a ƙara jin maganar tafiya a gidan ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Harafin nan zuciyarmu ce, shi ne kuma gidajenmu da ikilisiyarmu. Mukan ja bangonmu mu rufe, da al'ada ko da girman kai, sa'an nan mu yi mamaki don me baƙo ya kāsa samun wuri. Mutumin nan yana da ƙauna, amma ya so ya nuna ta daga nesa, da tasa dabara, cikin gaggawa. Ubangiji bai yi mana haka ba. Ya sauko ya zauna tare da mu, ya karɓe mu tukuna, sa'an nan ya kewaye mu da alherinsa.

Wataƙila akwai wani a gidanka ko a bencin bayanka da yake shirin tafiya, kai kuwa kana tsammani ya san kana ƙaunarsa. Bai sani ba. Je ka zauna kusa da shi yau, ko da ba ka san abin da za ka ce ba.