Malam Habila da Zakaran Gayus

Akwai wani mutum mai koyar da ƙwallon ƙafa a wata kwalejin kwana ta samari, ana ce masa Malam Habila. Gajere ne mai faɗin ƙirji, usur ɗinsa kullum yana rataye a wuya. Har majami'a da shi yake zuwa, sai dai ya cusa shi cikin riga. A filinsa babu gardama. Yaron da ya makara zai durƙusa a kan tsakuwa har a tashi. Wanda ya yi tsiwa zai zagaye fili da tsallen kwaɗo. Yaro ba ya fara yi masa magana sai shi ya fara, kuma ba a zuwa gidansa. Yakan ce koci da ɗan wasa a fili suke haɗuwa, a fili suke rabuwa.

Yaran suna tsoronsa, amma suna cin wasa. Kofuna suka cika ofishin shugaban makaranta. Iyaye ma suna sa masa albarka, gama yaron da aka kai masa sangartacce yakan dawo hutu yana tashi da asuba yana share tsakar gida.

Ana nan sai masu wata babbar ƙungiya ta birni suka aiko a kira shi. 'Yan wasansu ba yara ba ne. Magidanta ne masu gemu, ƙwallo ita ce gonarsu, da ita suke ciyar da mata da 'ya'ya. Ƙungiyar tana ta shan kashi, saura kaɗan a sauke ta daga babbar gasa zuwa ta ƙasa. Masu ƙungiya suka gaya wa Habila a fili: in ya tsamo ta, aikin nasa ne, in ta faɗi, ya ɗaure kayansa. Ya ce ya ji, ya yarda.

Da ya iso, sai ya tarar mataimakin da aka ba shi Filibus ne, tsohon ɗalibinsa, wanda gwiwoyinsa suka san tsakuwar kwaleji sarai. Filibus ya rugo ya rusuna, ya karɓi jakarsa, yana ta murna. Habila ya ji daɗi a ranar. To, a ranar kaɗai.

Ya kafa dokokinsa kamar yadda ya saba. Babu giya, babu yawon dare, babu makara, babu zuwa gidan koci. 'Yan wasa suka yi ta gunaguni, wai an mayar da su 'yan aji ɗaya, saura a ce su zo da tsintsiya. Amma suka bi. Wanda dokar ta fi yi wa amfani shi ne kyaftin ɗinsu, Gayus, mai tsaron baya. Shi dā kwalba ta gama da shi, tumbi ya fito, matarsa da ciki ta yi yaji ta koma gidan ubanta. Da Habila ya matsa masa, sai ya bar sha, jikinsa ya dawo, matar ma ta dawo ɗakinta. Ƙungiya ta fara cin wasa jefi-jefi.

Amma Habila bai ga wannan ba, domin idonsa yana kan Filibus.

In an tashi daga atisaye, 'yan wasa sukan taru a gindin mangwaro su kewaye Filibus, ana shan rake ana ƙyaƙyata dariya. Habila na matsowa sai dariyar ta mutu kamar an zuba wa garwashi ruwa. Filibus suna kiransa Yaya. Shi kuwa Koci kawai, a bushe. In aka ci ƙwallo, Filibus ake rugawa a runguma, shi a miƙo masa hannu biyu daga nesa. Addu'ar shiga fili ma Filibus ake roƙo ya yi. Ba wai Filibus ba ya faɗa ba ne. Yana yi, har ya fi. Amma shi yakan ja mutum bayan raga, ya dafa kafaɗarsa, ya gaya masa laifinsa ba mai ji. Habila yana hango su, sai ya ce a ransa ai gulmarsa ake yi.

Abin ya ci shi ya cinye. Tuwo ya daina yi masa daɗi. In zai koma gida sai ya bi ta layin Filibus, wai hanyar ta fi kyau, alhali baburan 'yan wasa yake so ya gani a ƙofar gidan. Ya gani kuma ransa ya ƙara ɓaci. Kullum yana gaya wa matarsa Laraba cewa yaron nan shi ya koya masa ɗaure igiyar takalmi, yanzu ya zo yana janye masa mutane.

Laraba ta ce, "Maigida, kai ka ce kada kowa ya taka gidanka. Yanzu kuma kana leƙen masu zuwa gidan wani?"

Ya ce mata ba su san ƙwallo ba, ta ji da tukunyarta.

Ana cikin haka matar Gayus ta haifi ɗa namiji. Wata rana da yamma, kafin suna, Habila yana zaune a ɗaki sai ya hango ta taga Gayus tsaye a bakin ƙofar gida, cikin farin kaftani da hula, ya rungumo wani jan zakara a hammata, yana sallama. Habila ya ce a ransa, ga shi nan, ya zo roƙon hutun ranar suna, kuma Filibus ne ya koya masa zuwa da kaza. Ya ce wa Laraba ta je ta gaya masa koci a fili ake ganinsa. Laraba ta ce ai baƙon da ya zo da kaza ba a sallamarsa daga waje, ko ruwa a ba shi. Ya daka mata tsawa. Ta fita ta faɗa kamar yadda aka aike ta, kanta a ƙasa. Gayus ya ɗan daɗe a tsaye, sa'an nan ya juya da zakaransa.

Ranar suna ta faɗo ana jibi wasan ƙarshe, wasan da in aka sha kashi ƙungiya ta faɗi. Habila ya ce atisaye yana nan da safe, ko sunan wa ake yi. 'Yan wasa suka je suna da sassafe, fasto na gama addu'a suka hau babura suka dawo fili. Amma uban jariri ba ya tashi ya bar baƙinsa da abinci a baki. Sai da rana ta ɗan ɗaga Gayus ya iso, kuma ba shi kaɗai ba. Surukinsa ya biyo shi, tsoho ne mai sanda, dattijon ikkilisiya, ya ce sai ya ga kocin da ya gyara masa suruki ya yi masa godiya. A bayansu ga matan zumunta ɗauke da kwanon naman suna.

Da farko Habila ya so ya kau da kai. Sai ya ji gola, mai tsaron raga, yana zolayar Filibus, wai Yaya ya samu takwara, sai a fara tanadin sabulu da 'yan riguna. Habila ya tambayi wanda yake kusa da shi, me aka sa wa yaron? Aka ce Filibus.

Habila ya juya ya fuskanci Gayus. Ya hura usur, fili ya tsaya.

"Kyaftin, ka makara. Durƙusa."

Filibus ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam, surukinsa yana nan."

"Kai ma ka san tsakuwar. In kana marmarinta, ƙara magana."

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce a yi haƙuri, shi ne ya tsare shi da surutu irin na tsofaffi. Habila ko kallonsa bai yi ba. Gayus ya dubi surukinsa, ya dubi matan, ya dubi 'yan wasan da shi yake ja musu gaba. Sai ya sauka a hankali ya kafa gwiwoyinsa a kan tsakuwa, magidanci guda, ranar sunan ɗansa. Matan suka rufe fuska da gyale. Tsohon ya juya baya domin kada idonsa ya ga abin da bai kamata suruki ya gani ba, ya dogara sandarsa ya kama hanya.

Aka gama atisaye. Gayus ya tashi, tsakuwa manne a gwiwarsa. Ya ɗauko kwanon nama ya ajiye a gaban Habila, ya kwance ƙyallen kyaftin daga damtsensa ya ɗora a kan murfin.

"Koci, cinyar taka ce. Tun kafin a yanka ragon na ce a ware maka."

Ya tafi, bai waiwayo ba.

Ranar wasa Gayus bai zo ba. Sauran suka shiga fili, ba wanda ya ƙi, amma suka yi wasa kamar 'yan ƙwadagon da mai gona ya zagi uwarsu: hannu yana kan fartanya, zuciya tana gida. Habila ya yi ta ihu a bakin fili har muryarsa ta dishe. Inda Gayus ya saba tsayawa, nan aka bi aka zura musu ƙwallo. Ƙungiya ta faɗi. Kashegari masu ita suka sallami Habila, suka ce Filibus ya riƙe.

Yana cikin ɗaure kaya sai ya ji sallama a bakin ƙofa. Filibus ne, ya tsaya a waje bai shigo ba, gama har yanzu yana kiyaye dokar. Habila ya ce ya shigo mana, ai gidan koci ma nasa ne yanzu, ko ya zo duba inda zai jera kujerunsa? Filibus ya shigo ya tsuguna kamar yadda yake yi tun yana ɗalibi. Ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba, akwai maganar da ba zai bari Malam ya tafi bai ji ba.

Ya ce ranar da Gayus ya zo da zakara, ba hutu ya zo roƙo ba. Izini ya zo nema ya sa wa yaron suna Habila, domin a wajensu ba a ɗaukar sunan babban mutum yana da rai sai an je an durƙusa an gaya masa. Gayus ya ce mutumin da ya raba shi da kwalba ya dawo masa da matarsa, shi ya cancanci sunan ɗansa. Da aka sallame shi daga ƙofa, sai ya ɗauka Koci ya ƙi ne. Ya wuce gidan Filibus idonsa jawur, ya ce tunda Malam ba ya so, bari ya sa sunan ɗalibinsa, ko ba komai daga hannu ɗaya suka fito. Dariyar gindin mangwaro kuwa, labarin kwaleji ne Filibus yake ba su, yana gaya musu duk abin da ya iya a wurin Malam ya koya.

Habila ya zauna a kan akwatinsa. Laraba tana gefe tana cusa tukwane a buhu. Ya dubi Filibus. Can ya ce, "Zakaran fa?"

Filibus ya ce, "A gidana aka yanka shi, Malam."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Filin nan shi ne duk inda Ubangiji ya ba ka mutane ka riƙe, ko gidanka, ko mawaƙan majami'a, ko zumuntar mata, ko shagonka. Malam Habila kuwa kai ne, ko ke ce. Kada wani ya fita ya ce an ce doka ba ta da kyau. Doka ce ta fid da Gayus daga kwalba, magidanci ma yana bukatar mai gaya masa gaskiya. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. In na yanka kuɗin kayana ba na saukowa, ko za a wuni, kuma masu saye suna dawowa. Amma ranar da na kunyata mai saye a gaban matarsa, ko kyauta na ba shi ba zai ƙara taka rumfata ba. Tsayawa a kan magana dabam, wulaƙanci dabam. Tsakuwar da ta gyara yaron makaranta ita ce ta kori magidanci. Ku iyaye, ɗan da ya yi gemu ya ajiye iyali, a ja shi bayan ɗaki a yi masa faɗa, ba a tsakar gida gaban surukai ba.

Sa'an nan ku lura, ba makara ce ta sa Gayus durƙusa ba. Sunan Filibus ne. Haka kishi yake yi, yakan ari rigar doka ya sa, ya ce shi gyara yake yi. Kafin ka hukunta na ƙasa da kai, ka tambayi zuciyarka a gaban Allah: laifinsa ne ya ɓata mini rai, ko yabon da aka yi wa wani?

Zakaran nan kuma shi ne rabon da Ubangiji ya aiko maka har bakin ƙofa, da sunanka a kai. Filibus bai ƙwace wa Habila komai ba. Habila ne ya zauna a taga yana leƙen ƙofar wani, har ya kori abin da ya zo tasa. Mu ma da yawanmu haka muke zaune a majami'ar nan, wane an fi gaishe shi, wance an fi kiranta ta yi addu'a, mu an manta da mu. Ubangiji ya cire mana wannan ciwo. In aka yi maka sallama cikin makon nan, ko da wanda kake jin haushinsa ne, ka tashi da ƙafarka ka fita, ka ba shi ruwa, ka ga abin da ya riƙo a hammata.