Abin da Nomau Wanzami Ya Gani a Bayan Mutane

Ku yi wa Annabi salati, 'ya'yana.

Sallallahu alaihi wa sallam.

Madalla. Ku matso kusa, muryar tawa ba kamar da ba.

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake sayar da ɗan Adam a kasuwa kamar akuya, Allah kada ya maimaita mana. Sunansa Nomau, wanzami ne, wani bawan Allah dai mai zabira da aska da ƙaho. Kun san ƙaho sai an tuɓe riga. To duk magidantan garin nan babu wanda Nomau bai ga bayansa ba. Mai ƙurji, mai tabon bulala, duk ya gani, kuma ko matarsa Tabawa ba ta taɓa ji ba.

Wata rana wani marini, Jatau, baƙo ne da ya zauna garin har ya yi iyali, ya zo a yi masa ƙaho. Yana cire riga sai ga shaidar wuta a kafaɗarsa, irin wadda ake ɗana wa bawa don in ya gudu a gane shi. Jatau ya waiwayo, idonsa ya kawo ruwa. Nomau ya ce, "Sunkuya, Malam, mataccen jini na zo cirewa." Iyakar maganar ke nan.

Ana nan sai ga yaran wani mai bayi daga nesa, suka sauka wurin dagaci. Sun ji ƙishin-ƙishin bawan ubangidansu yana garin. Fuskarsa ba su sani ba, tun yana saurayi ya tsere, shaidar kawai suka sani. Dagaci kuwa ba shi da damar tuɓe magidanta a fili, gari zai tashi masa. Sai ya aika a kira wanzami.

"Nomau, wa ke da wuta a kafaɗa?"

"Ranka ya daɗe, wanda ya tuɓe mini riga, don ciwo ya tuɓe, ba don labari ba."

Ku saurara nan, don nan ne wurin da mafi yawanmu za mu faɗi. Dagaci ya yi murmushi ya ce, "Na ji, kada ka faɗi mai ita. Zan riƙa kiran baƙin garin nan, kai dai ka ce wannan ba shi ba ne. Mu fara da surukinka Barmo."

Barmo fa bayansa sumul yake, Nomau ya sani. Amma ya ce, "Ranka ya daɗe, in na wanke wannan na wanke wancan, wanda na yi shiru a kansa ai na miƙa shi. Ban ce akwai ba, ban ce babu ba."

Aka jiƙa igiyar fata aka ɗaure wa Nomau hannuwa, aka zaunar da shi a rana a ƙofar dagaci. Fata tana bushewa tana shiga nama. Tabawa tana kuka tana cewa, "Maigida, ka faɗa mana! In hannun nan ya mutu me za mu ci?" Jama'a sun kewaye shi, Jatau yana cikinsu, hannuwansa shuɗi da baba. Nomau bai ɗaga ido ya dubi ɓangaren da yake ba, ko sau ɗaya. Ya san kallo ma magana ce.

To ku da ke aiki a asibiti, da banki, da shagon rajistar layin waya, kullum mutane suna tuɓe muku riga: ciwonsu, lambarsu, inda suke kwana. Amana ce, ba taku ba ce. Ke da kike ɗaukar hoton katin majinyaci ki tura wa ƙawarki, kai da ke cewa "ai ban faɗi suna ba" alhali ka kwatanta unguwa da sana'a, kun miƙa mutum. Yanzu har doka hukuma ta yi a kan haka, amma kafin ita akwai tambayar Allah.

Yaran mai bayin nan suka gaji suka koma hannu wofi. Yatsun Nomau suka shanye, bai sake riƙe aska ba. Tabawa ce ta ciyar da shi da dakau har ya rasu, ba ta san don wa aka yi ba. Jatau ya tsufa cikin jikokinsa, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin nan a ciwon ajalinsa, don sirrin nasa ne.