Baitin da Irmiya Ya Kasa Rerawa

An yi wani mutum a wani gari, tun kafin lasifika ta shigo coci, sunansa Irmiya. Masaƙi ne, bawan Allah, ba ya da hayaniya. Amma ran Lahadi shi ke ba da waƙa, jama'a suna amsawa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. In bai buɗe baki ba, babu mai buɗewa.

To, shugaban mawaƙa, Malam Filibus, ya tsara sabuwar waƙa don bikin godiyar kaka. Waƙa mai daɗi, jama'a, mai sa tsigar jiki ta tashi! A ciki akwai baitin da ke cewa, "Ko sau ɗaya, Ubangiji, ban yi shakkarka ba."

Ku saurara. Ranar koyo, mata suna buga tulu, waƙa ta hau, aka iso wannan baiti, sai Irmiya ya yi shiru. Aka sake. Ya sake yin shiru.

Filibus ya ce, "Baba Irmiya, maƙogwaro ne? A jiƙa maka citta?"

"Maƙogwaro lafiya, Malam. Tambaya ce ta tsaya mini. Abin da muke faɗa a waƙa, Allah yana ɗaukarsa magana, ko kuwa kiɗa kawai yake ji?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Shekarar da Rifkatu matata ta rasu, wata uku ina jefa ƙoshiya a masaƙa ina tambayar ko akwai mai jina a sama. Allah kuwa yana jina. Yanzu kuma in tsaya gabansa in ce ban taɓa ba?"

Wata tsohuwa, Mama Briskila, ta ajiye tulu ta ce, "Kai Irmiya, mu da muke rera cewa muna tashi kamar gaggafa, ka ga na tashi? Gwiwar nan ko kan tabarma ba ta bari in sauka!"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Wannan kowa ya san misali ne, Mama. Wancan shaida ce."

Filibus ya ce, "Waƙa buri ce, Baba. Abin da muke so mu zama muke rerawa. Baƙi suna zuwa daga ƙauyuka bakwai. Ko ka rera yadda take, ko in ba wani."

Irmiya ya tsaya, ya rasa gane kansa. Shin taurin kai ne yake kira gaskiya? Ashe duk waɗannan mutane maƙaryata ne? A'a, ya san su. To shi kaɗai ne mai raunin bangaskiya? Ya dai ce, "Ka ba wani, Malam. Zan amsa duk inda zan iya."

Ranar biki ya zauna a bencin baya. Ba wanda ya maido shi gaba har ya bar duniya.

'Yan'uwa, har yau ban iya cewa Filibus ya yi laifi ba, zuciyata rabe take. Amma na san wannan: gara ka yi shiru a gaban Allah da ka gaya masa ƙarya da murya mai daɗi. Yanzu za mu tashi mu yi waƙa. Kafin amshi ya fita bakinka, ka ji abin da kake faɗa, ka tuna wa kake gaya wa.