Rumbun Kurege da Shaidar Gara

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo, muna saurare.

Dabbobi suka ba Kurege ajiyar geronsu, don ya ce rumbunsa bai taɓa ɓaci ba. Wata rana Kaza ta ji motsi a ciki.

Ta ce, "Malam Kurege, a buɗe mu duba mana."

Ya ce, "Ni na gina shi fa, Iya. Amma bari in kira miki Gara."

Gara ta zo tana share baki, ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. A ciki ma nake kwana."

Kurege ya ce, "Kin ji ko?"

Da yunwar damina ta kama aka buɗe, sai jar ƙasa fal. Dabbobi suka yo kansa.

Ya ce, "Ku dakata Gara ta zo, ita ce shaidata."

Ƙurunƙus, kan ɓera ne, ba nawa ba.