Wanzamin da Ya Ƙi Zare Askarsa

An yi wani mutum a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, domin mutumin nake so ku sani. Sunansa Jatau, wanzami ne. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sarautar unguwa ba ya da ita. Zabira ya gada daga ubansa, da asake da ƙaho, da gidajen da uban yake yi wa aski. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. To, ku saurara ku ji abin da Allah Ya yi da wannan bawa nasa.

Cikin gidajen da ya gada akwai gidan wani mai sayar da hatsi, ana ce masa Sallau. Ranar da Tabawa matar Sallau ta haihu, ungozoma ta ɗaga jinjiri ta duba, ta sake dubawa. Halittar ba ta fito sosai ba, ita kuma ba ta son dogon zance. Sai ta ce mace ce. Aka raɗa suna Lantana, Jatau ya yi askin suna, aka ci tuwo aka watse.

Lantana ta tashi kamar sauran 'yan mata, ana yi mata kitso, ana aikenta niƙa. Da tsararrakinta suka fara ƙirgar dangi, ita shiru. Sai murya ta buɗe, kafaɗu suka yi faɗi, gashi ya fara tsirowa a haɓa. Kun dai san bakin mutane. A bakin rijiya aka fara, 'yan mata suna ce mata, "Lantana, ki kira mana salla mana, ai muryar ta kai." Daga nan sunan mata-maza ya bi ta har ƙofar gida. Yarinya ta daina fita, ta daina cin abin kirki, ta shige ƙuryar ɗaki ta zauna.

Wata rana da hantsi Jatau ya gama yi wa Sallau aski a zaure, yana goge askarsa, sai Sallau ya rage murya.

"Sarkin aska, ina da magana, amma a zauren nan za ta tsaya."

"Wanzamin da ba ya riƙe sirri ai ba a miƙa masa wuya," in ji Jatau. "Faɗi."

"Yarinyar nan ce. Uwarta ta duba, ta ce akwai abin da ya girma wanda bai kamata mace ta samu ba. Kai kake cire wa yaranmu belu, kai kake yi musu kaciya. Ka shiga ka yanke shi kowa ya huta."

Jatau ya ajiye askar. Gidan nan tun zamanin ubansa ake cin arzikinsa, kuma ba a saba jin wanzami ya ce wa maigida a'a ba. Sai ya ce a kira masa yarinyar. Tabawa ta kawo ta, ta tsaya a bakin ƙofa. Jatau bai buɗe zabira ba, bai ce a ɗaga zane ba. Fuskar kawai ya duba.

"Lantana, ni na aske miki gashin haihuwa, ba kunya tsakaninmu. An ce in yi miki aiki. Ke me kike so?"

Jama'a, tun da abin nan ya fara, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. An yi magana a kanta, an yi kuka a kanta, an ba ta rubutu ta sha, amma ba a tambaye ta ba.

Ta dubi ƙasa ta ce, "Baba, in kun yanke zan zama kamar sauran?"

"Ban sani ba. In na ce miki na sani, na yi ƙarya."

"Ni dai, Baba, tun ina ƙarama in na ɗaura zane ji nake kamar kayan wani na ara. Ban taɓa faɗa ba, tsoron duka nake."

Jatau ya sallame ta, ya juya wajen uban. "Sallau, askata ba ta da ido. Abin da ke waje nake yankewa, wannan kuwa tushensa a ciki yake. In jini ya ƙi tsayawa fa? Ko ya tsaya, daga baya a gane ɗa namiji na nakasa, da me zan mayar masa? Asibitin birni za mu kai ta."

"Asibiti? In je in tona wa kaina asiri gaban baƙi? In ba za ka yi ba, ai ba kai kaɗai ne wanzami a garin nan ba."

"Ba ni kaɗai ba ne. Amma duk wanda ya sa wa yarinyar nan aska, ni da shi sai gaban alƙali."

Sallau ya miƙe, ya ce daga yau kada ya ƙara ganin ƙafarsa a zaurensa. Jatau ya rataya zabirarsa ya fita, bai mayar da baƙar magana ba.

Tabawa ce ta yi ta lallashin mijinta har ya ce su je, amma shi ba zai je ba. Mace ba ta san hanyar birni ba, sai ta aika wa Jatau. Mutumin da aka kora ɗin nan shi ya bar aikinsa ya shiga mota da su. A asibiti wata likita ta duba, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ce su dawo. Da suka dawo ta zaunar da su ta ce halittar ciki ta namiji ce, ta waje ce ba ta kammala ba tun a ciki. Ta ce ba aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma ba shi ne na farko da ta gani ba. Ta ce akwai maganin da zai taimaki jiki, akwai aikin da za a iya yi nan gaba, amma ba abin gaggawa ba ne, kuma ba za a taɓa komai ba sai mai jikin ya yi tunani ya yarda, iyaye sun yarda. Ta haɗa su da wani ma'aikaci da aikinsa shi ne ya zauna da irin waɗannan yara ya ji damuwarsu.

Jatau bai gane rabin zancen ba. Bai ji kunya ba, ya ce, "Likita, ki maimaita min da Hausar gida, domin ni zan kai wa ubansa." Ta maimaita. Da suka koma gari ya wuce wajen liman ya zayyana masa komai. Liman ya ce malaman fiƙihu sun san wannan halitta tun da daɗewa, sun yi maganar sallarta da gadonta, kuma in alamun namiji suka rinjaya, namiji ne. Ya ce neman magani ba saɓo ba ne. Liman da kansa ya je ya gaya wa Sallau. Sallau ya ji, bai hana a ci gaba da zuwa asibiti ba.

Aka yi ta zirga-zirgar asibiti har damina ta wuce. Rannan yaro ya ce ya yanke shawara, kuma sunan da yake so Zakari. Tabawa ta tsefe kitson da hannunta tana hawaye, ta tura shi wajen Jatau a gindin bishiyar da yake aski. Jatau ya jiƙa kan, ya wasa aska, ya ce, "Kai ne mutum na farko da na yi wa askin suna sau biyu. Ka zauna da kyau, kada wannan ma ya ƙi kamawa." Yaron ya yi dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Kada ku zaci gari ya yi murna. Wani ya ce askar da ta hau kan mata-maza ba za ta hau nasa ba. Gidaje suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranakun da Jatau zai wuni a gindin bishiya bai jiƙa kai ko ɗaya ba. Ya yi haƙuri, bai je ƙofar kowa don ba da haƙuri ba, domin bai yi laifi ba.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Ranar da Zakari ya fara zuwa masallacin unguwa, sallar la'asar ce. Ya sa riga da hula, ya shiga sahu. Na damansa ya dube shi ya matsa. Na hagunsa ya dube shi ya matsa. Aka bar yaro tsaye shi kaɗai, gurbi nan gurbi nan. Liman ya waiwayo ya ce a cike sahu. Ba wanda ya motsa. Sallau yana can baya, kansa a ƙasa.

Jatau a sahun ƙarshe yake, kusa da takalma. Ya hango yaron tsaye shi kaɗai. Ya san in aka tayar da sallar nan a haka, Zakari ba zai ƙara shigowa masallaci ba, ƙuryar ɗaki zai koma. Sai ya ratso sahu ya zo ya tsaya a damansa, kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa.

Wani daga baya ya ce, "Jatau, alwalarka fa?"

Jatau bai waiwaya ba. Ya ce, "Tawa tana nan, Alhaji. Bakinka za ka duba."

Saura gurbin hagu. Liman ya ƙi yin kabbara, ya tsaya yana jira. Can sai aka ji motsi, Sallau ya taso ya zo ya tsaya a hagun ɗansa. Liman ya yi kabbara.

Da aka idar, Sallau ya kama hannun Jatau ya riƙe, ya ce, "Da ka bi maganata ran nan..."

"Allah ne Ya kiyaye," in ji Jatau. "Mu gode masa."

Wasu gidajen sun dawo wa Jatau, wasu har ya mutu ba su dawo ba. Zakari ya girma ya gaji ubansa a kasuwar hatsi, kuma ranar da Jatau ya rasu, shi ne a gaban makara, bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.

Alhamdu lillahi da Allah bai bar duniya babu irin su Jatau ba. Yanzu na dawo kanku, kuma ba zan shafa muku zuma ba. A unguwarku akwai yaron da jikinsa ko zuciyarsa ta rikita shi, ya rasa inda zai sa kansa, kun sani na sani. Me kuka yi masa? Dariya kuka yi, kuka sa masa suna, kuka hana 'ya'yanku zama da shi. Iyaye kuma ku ɓoye, ku duka, ku kai wa mai yanka a asirce don kada maƙwabta su ji. Kun fi tsoron maƙwabta a kan ku ji tsoron Wanda Ya ba ku amanar. Ɗa amana ne, a kowace siffa ya zo. Ku zaunar da shi ku tambaye shi me ke damunsa, ku bari ya gama magana. Ku kai shi ga likitan da ya san abin, ku tambayi malamin da ya yi karatu. Abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, kada ku sa hannu. Jatau bai fi ku ilimi ba, bai fi ku dukiya ba. Ya san iyakar saninsa ya tsaya a kanta, da aka guji yaro kuma ya matsa kusa da shi. Wannan ba ya fi ƙarfin ko ɗayanku. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya jiƙan waɗanda suka yi kafin mu.